Dashen Mangwaron Da Ya Dace Da Zafi Da Sanyin Damagaram

Da zarar hadari ya fara haɗowa a ƙarshen bazara, masu garake a Mirya, Gidimuni, Matamaye da Magarya, har da masu ɗan fili a bayan gida cikin garin Damagaram, sukan shiga neman dashen mangwaro. A ƴan shekarun nan an samu wani sabon salon talla, inda ake yawo da hotunan jajayen mangwaro a Facebook da WhatsApp ana cewa irin ƙasar Sifen ne ko na Japan, kuma tunda ya jure sanyin waɗannan ƙasashe to babu inda ba zai yi ba. Wannan magana tana ruɗar mutane da yawa, shi ya sa ya kamata mai saye ya fara sanin yanayin da itacen yake so kafin ya tsaya zaɓen suna.

Mangwaro itacen ƙasashen zafi ne, asalinsa daga yankin Indiya da Bama. Yana girma yadda ya kamata idan zafi yana tsakanin digiri 24 zuwa 30, yana rage tofo idan ya sauka ƙasa da digiri 15, fure da ƙananan ƴaƴa suna lalacewa idan sanyi ya kusa digiri 4, idan kuwa ya kai ga ruwa ya daskare to ƙaramin dashe mutuwa yake yi. Saboda haka damuwar manoman Malaga da ke kudancin Sifen ita ce ko lokacin zafinsu zai yi tsawo kuma ya yi ɗumin da zai isa ƴaƴa su nuna, shi ya sa suke shuka a gangaren tsaunuka kusa da teku, har sukan cire furen farko da ya fito cikin sanyi domin itacen ya sake wani idan gari ya ɗumama. A Miyazaki ta Japan kuwa cikin rumfunan da ake ɗumamawa ake renonsa. Ire-iren da suke shukawa, wato Osteen a Sifen da Irwin a Japan, dukkansu daga Fulorida ta Amurka suka fito, kuma ɗawainiyar manomi ce take raya su a can.

Mu namu lissafin ya sha bamban. Sanyin darenmu na Disamba da Janairu, wanda yake kai wa wajen digiri 15, alheri ne ga mangwaro, domin sanyi mai sauƙi tare da bushewar ƙasa su ne suke sa itacen ya daina tofo ya fitar da fure. Wahalar tana zuwa ne daga baya. Iskar hunturu mai ƙura tana busar da fure, sa'an nan Afrilu da Mayu su zo da zafin da yake haura digiri 40 a daidai lokacin da ƴaƴa suke rataye, rijiyoyi kuma sun ja baya. Babban itace mai zurfin saiwa yana jure zafin da ya kai digiri 45 muddin yana samun ruwa, amma idan ƙishi ya haɗu da wannan zafi sai ya zubar da ƴaƴa, waɗanda suka rage kuma rana ta ƙona musu gefe. Ruwan saman da muke samu a kewayen birni bai wuce wajen milimita 400 a shekara ba, kusan dukansa cikin wata uku. Don haka tambayar da nake fara yi game da kowane iri ita ce tsawon lokacin da ƴaƴansa za su yi a sama cikin bazara, da yawan ban ruwan da zai nema kafin a tsinke su.

A kan wannan ma'auni babu irin da na fi amincewa da shi kamar Amélie, wanda a wasu wuraren Afirka ta Yamma ake kira Gouverneur. Yana cikin masu saurin nuna a dukkan mangwaron aure da aka sani a yankinmu, wato wanda ake ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani, kuma wannan siffa guda ɗaya tana magance matsala uku. Ƴaƴansa suna ƙosawa kafin rijiya ta kai ƙarshen ja da baya, saboda haka mai garka yana rage kuɗin man injin ban ruwa a watannin da suka fi tsada. Yana shiga kasuwa tun mangwaro bai yi yawa ba, lokacin da ake da sha'awarsa kuma farashi bai faɗi ba. Sa'an nan yana tsere wa ƙudan da yake yi wa ƴaƴan itace ƙwai su koma tsutsa, wanda ya ƙara ta'azzara tun bayan da wani nau'insa na Asiya ya shigo Afirka, aka fara ganinsa a Kenya a 2003, domin wannan ƙuda da saukar ruwan sama yake yawaita, lokacin da mai Amélie ya riga ya gama tsinka. Namansa mai launin ruwan lemo ne, mai laushi, kusan babu zare, da ƙamshi da ɗan tsami kaɗan wanda ni a ganina shi ne yake hana shi ginsa a ranar zafi. Masu busar da mangwaro a Burkina Faso suna amfani da shi sosai, abin da yake nuna cewa ko ya yi yawa a hannu akwai hanyar da za a adana shi. Aibinsa biyu ne, kuma ba zan ɓoye su ba: ɓawonsa yakan zauna kore-kore ko da ya nuna, har wanda bai san shi ba ya ɗauka ɗanye ne, kuma ba ya jure doguwar tafiya a mota. Ga wanda kasuwarsa ba ta wuce daga Mirya zuwa Kasuwar Dole ta Damagaram ba, wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Kent shi ne na biyu, kuma na san akwai waɗanda za su ce shi ya kamata ya zo farko. Babba ne, mai zaƙi, babu zare, yana da jan kumatu mai jan hankalin mai saye, kuma shi ƙasashe kamar Mali, Senegal da Kodebuwa suka fi fitarwa zuwa Turai. Sai dai yana nuna bayan Amélie, wato yana cinye bazara duka a sama, don haka na mai ruwa ne, wanda garkarsa take cikin korama ko wurin da ruwa yake kusa. Keitt da Brooks suna jinkiri har cikin damina, su zama abincin tsutsa, ban ga dalilin da zai sa ƙaramin manomi ya cika garka da su ba. Julie gajeren itace ne, ya dace da tsakar gida kawai. Osteen da Irwin da ake yayatawa kuwa, idan aka raba su da sanyin da ake yabonsu a kansa, babu abin da suka fi Kent da shi a nan.

Mangwaron gida mai zare da ake shukawa daga ƙwallo bai kamata a raina shi ba, amma a san matsayinsa. Saiwarsa tana nutsawa, ya saba da ƙasarmu da ƙishinmu, yana ba da inuwa mai faɗi, kuma ƙwallonsa yakan fitar da tsiro fiye da ɗaya masu kama da uwa. Wannan ne ya sa ya zama gindin da ya fi dacewa a ɗaura aure a kansa. Wanda ya shuka shi don ƴaƴa zai jira shekara 5 zuwa 8, alhali mai aure yana fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4.

A nan ne ha'inci yake shigowa, kuma shi ya fi damuna fiye da zaɓen iri, domin mangwaro ba ya tona asirin wanda ya sayar da shi sai bayan shekaru. Wani mai sayar da dashe ya taɓa kawo mini tsirrai da leda ɗaure a tsakiyar kara, ya rantse cewa aure ne, ashe ɓawon kawai ya tsaga da aska ya naɗe. Na yi ta ban ruwa da zuba taki, da suka haihu sai ga mai zare, shi kuwa ya daɗe da barin wurin da yake zama. Ruwa da shekarun da suka tafi babu mai biyan su.

Saboda haka duk wanda zai saya ya sa a kwance ledar a gabansa. Aure na gaskiya yana barin tabo mai ɗan kumburi inda itace biyu suka haɗu, mai siffar tsini ko karkatacciyar yanka, kuma sau da yawa launin ɓawon sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne. Tsagar ƙarya a fatar waje take tsayawa, karan kuma miƙaƙƙe ne daga ƙasa har sama babu wani canji. Kada a karɓi dashen da aurensa bai warke ba, a nemi wanda reshen sama ya yi tofo har ganyensa ya ƙosa ya zama kore sosai, domin jan ganye mai taushi ba ya kwana biyu a iskar bazara. Idan mai sayarwa ya ce, "Alhaji, ai wannan ƙwallon Kent ne na shuka da hannuna, ba ya buƙatar aure," a gode masa a wuce, saboda ƙwallon Kent da na Keitt ba sa maimaita uwarsu, abin da zai fito sai an gani. A ɗaga ledar da aka reni dashen a ciki a duba ƙasanta, domin dashen da ya daɗe a ƙaramar leda saiwarsa takan nannaɗe, irin wannan kuwa ba ya nutsawa ya kai ga danshi, kuma shi ne yake fara bushewa a Afrilu. A kuma lura da tofon da yake fitowa ƙasa da wurin aure, wanda idan aka bar shi yake cinye ƙarfin reshen sama har itacen ya koma na gida ba tare da mai shi ya ankara ba. Ɗan dashen da aka kawo da fure a kansa don a burge mai saye ba shaidar ƙarfi ba ce, cire furen ma ake yi domin itacen ya gina jiki.

Sayen dashe ta hoton waya cinikin biri a sama ne. Wanda aka ɗauko daga wuri mai laima da inuwa, aka yi doguwar tafiya da shi a saman mota, yakan iso a galabaice, kuma babu wanda za a koma wa idan ya mutu. Ya fi kyau a je wurin mai reno da yake zaune a garinsa, a ce ya nuna uwar da yake yanko reshe daga jikinta, in da hali a je lokacin da take da ƴaƴa a ɗanɗana. Ma'aikatan gona da na gandun daji na gunduma sukan san masu renon da aikinsu yake da kyau, kuma tambayarsu ba ta cin kuɗi.

Idan an samu dashe na gaskiya, a dasa shi bayan damina ta zauna, cikin rami mai faɗi da zurfi da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki yana jawo gara, a bar tazarar mita 10 tsakanin itace da itace, kuma wurin auren ya tsaya sama da ƙasa. A kewaye shi da shinge saboda awaki, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba, sa'an nan kafin Maris a kafa masa zana ta gefen gabas da arewa inda iska take bugowa, da ɗan rufi a sama da zai tare masa ranar tsaka har ya wuce bazararsa ta biyu.