Gidan Tarihin Jiragen Ƙasa na York: shiga kyauta ne, amma a je da shiri

Gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya yana birnin York a arewacin Ingila, a bayan tashar jirgi, kan titin Leeman. An buɗe shi a 1975 a tsohuwar rumfar da ake ajiye kawunan jirage ana yi musu gyara. Daga tashar King's Cross ta Landan tafiyar wajen awa 2 ce, daga tashar York kuma minti 10 a ƙasa ya isa. Shiga kyauta ne, sai dai wanda ya yi niyyar ba da gudummawa. Galibi ana buɗewa da ƙarfe 10 na safe a rufe da 5 na yamma, kuma ya fi kyau a yanki tikitin kyautan ta intanet kafin a taso, musamman lokacin hutun makaranta.

Akasarin masu zuwa suna shiga babban zauren ne su nufi Mallard, kan jirgin tururin da ya kafa tarihin gudu, kai tsaye, su ɗauki hoto, su wuce. Shawarata a fara da wani kan jirgi da ake kira Ellerman Lines. An tsaga gefensa ɗaya daga gaba har baya, an shafa wa kowane sashe fenti daban, ta yadda cikinsa yake a fili. Ga murhun da ake zuba wa kwal a can baya. Ga siraran bututai jere da juna sun ratsa tukunyar ruwa, zafin wutar ta cikinsu yake bi ya tafasa ruwan. Tururin da ya taru a sama yana sake bi ta wasu bututan ya ƙara zafi ya bushe, sannan ya shiga silinda ya tura fistan, fistan ya tura sandar ƙarfe, sandar ta juya ƙafa. Tururin da ya gama aiki ba a barinsa ya tafi a banza: ta ƙarƙashin bututun hayaƙi ake fitar da shi da ƙarfi, sai ya janyo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ci. Wannan fitar ce ke ba da sautin nan na fuf-fuf da aka san jirgin kwal da shi. Minti 15 a nan zai sa sauran kawunan jirage su daina zama tarin baƙin ƙarfe a idon yaro.

Sai a koma kan Mallard. Shuɗi ne, gabansa a lanƙwashe don ya keta iska, manyan ƙafafunsa sun ɗara mita 2. Injiniya Nigel Gresley ne ya tsara shi, aka ƙera shi a Doncaster. Ranar 3 ga Yuli 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, wato kusan kilomita 203, a gangaren Stoke da ke tsakanin Grantham da Peterborough, kuma har yau babu jirgin tururi da ya karya wannan tarihi. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne silindarsa 3 ne, biyu a waje, ɗaya a ɓoye a tsakiya. Gammon ƙarfen da ke kan sandar ta tsakiyar ya ɗauki zafi a wannan gudu har ya lalace, dole aka cire Mallard daga gaban taragon a Peterborough. Da ma an san wurin da wannan lalura, shi ya sa aka ɗaura masa ƙaramin mazubi mai ɗauke da wani mai mai ƙarfin ƙamshi, wanda ke fashewa idan zafi ya yi yawa don direba ya ji a hancinsa.

A zauren akwai taragon Shinkansen, jirgin Japan mai tsananin gudu, irin wanda ya fara aiki a 1964, kamfanin JR West ya ba da shi kyauta a 2001. Akwai kan jirgin Eurostar mai bi ta ramin ƙarƙashin teku zuwa Faransa. Akwai kuma wani ƙaton kai da aka ƙera a Ingila a 1935 don layin dogo na ƙasar Sin, aka dawo da shi bayan shekaru da dama. Girmansa kaɗai ya isa kallo.

Ɗaya zauren tsohuwar ma'ajiyar kaya ce ta tasha, nan taragon sarauta suke, har da na Sarauniya Adelaide na 1842 da na Sarauniya Victoria na 1869. Ta taga ake leƙa su, ba a shiga. Yaro ƙarami ba ya kaiwa tagar sai an ɗaga shi, kuma da wuya ya jure fiye da minti 20 a nan.

Babban abin da ke sa mutane komawa da ɓacin rai shi ne rashin samun Flying Scotsman, wani shahararren kan jirgin tururi. Mallakar gidan ne tun 2004, amma yana aiki har yanzu, yawancin lokaci yana yawo a wasu layukan. Haka ma wasu kawunan, ana kai su aro ko a mayar da su reshen gidan da ke Shildon. Duk wanda zai yi doguwar tafiya saboda jirgi guda, ya duba shafinsu tukuna ya tabbatar yana nan. Na biyu, jiragen a sanyaye suke. Babu wuta, babu tururi, babu ƙara. Wanda ke son jin ƙaurin kwal sai ya haɗa da layin jiragen tururi na North Yorkshire Moors, wanda ke tashi daga garin Pickering.

Kalmar kyauta ma tana da iyaka. Ɗakin gwaje-gwajen yara na Wonderlab, da aka buɗe a 2023, biya ake yi kuma ana ba da lokacin shiga. Wurin ajiye mota ma kuɗi ne. An kuma shafe shekaru ana gine-gine a harabar, don haka ƙofar shiga da hanyar tsallakawa tsakanin zaurukan suna iya sauyawa, alamomin kuma ba kullum suke fitar da mutum ba.

Iyali su ware awa 3 zuwa 4. Daɓen siminti ne, a sa takalmi mai taushi, a riƙo rigar sanyi domin zaurukan manya ne, ba sa riƙe ɗumi. Keken jariri da keken guragu suna wucewa lafiya a ƙasa, amma leƙa ɗakin direba sai an hau matakala. Da shiga a tambayi ma'aikata ƙarfe nawa za a juya babban faifan da ke cikin babban zauren, wanda a da ake ɗora kan jirgi a kai a sauya masa fuska. A tsaya a bakin shingen minti 10 kafin lokacin, in ba haka ba bayan manya kawai yara za su gani.