Ajin wasan kwaikwayo na Unguwar Rimi bayan rasuwar Malam

Jama'a ranar Asabar na koma ajin nan, karon farko tun da Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Wallahi ina shiga sai hawaye, ɗalibansa ne suka riƙe wajen kuma ba su canza komai ba, a cire takalmi, a fara da jan numfashi, sannan a yi ta zagaya ɗaki ana tafiyar tsoho, ana tafiyar mai ɗauke da tulu, har sai jiki ya ba da labari kafin baki ya buɗe, haka ya koya mana. Wanda ya taso yana kallon marigayi Kasimu Yero a talabijin zai gane nufina.

Ɗakin dai ya yi kaɗan, in an ɗauke wuta zafi ba a magana. Kuɗin wata da sauƙi, ni har na sake rajista.