Shekara biyu ina kaɗa blues da jazz da tsohuwar jitar Gibson ES-175

Na sayi wannan jita ne daga hannun iyalan wani dattijon makaɗi da ya rasu a Jos, bayan ta shafe shekaru a rufe cikin akwatinta, kuma lambar da ke jikinta ta nuna cewa ƙirar 1963 ce daga masana'antar Gibson da a lokacin take Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka. Kamfanin ya fara fitar da wannan samfuri a 1949 a kan dala 175, daga nan ma sunan ya samo asali, kuma a 1957 aka fara sa masa na'urorin ɗaukar sauti irin waɗanda injiniyan kamfanin, Seth Lover, ya ƙirƙira domin kashe ƙugin lantarki. Tawa tana da guda biyu, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jakin da tsirkiyoyi ke hawa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tana magana tun kafin a jona ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Cikinta kogo ne gaba ɗaya, faɗinsa inci 16, kaurinsa ya haura inci 3, da ramuka biyu a fuskarta, saboda haka duk tsirkiyar da na taɓa sai na ji girgizarta a ƙirjina, kamar yadda mai garaya ke jin ƙoƙonsa. Na ɗaura mata tsirkiyoyi masu kauri kuma masu santsi, na zaɓi na'urar wajen wuya, na rage kaifin sauti kaɗan, sai ga muryar da na daɗe ina ji a faya-fayan makaɗan jazz Joe Pass da Jim Hall, waɗanda dukansu sun yi shekaru suna kaɗa wannan samfuri: murya mai ɗumi, mai ɗan dushi, wadda take fitowa da nauyi sannan ta kwanta da wuri.

Wannan saurin kwanciyar sauti shi ne ya canza mini hannu. A jitar da aka sassaƙa daga dunƙulallen katako, irin wadda na saba da ita a da, sauti yana daɗewa yana yawo, kuma tsawonsa yakan rufa wa makaɗi asiri idan yatsansa ya zame. Ita kuwa wannan ba ta ɓoye komai. Idan na danne tsirkiya huɗu a lokaci guda, kowace tana fitowa daban, ana jin ta ƙasa ana jin ta sama, kuma idan ɗaya ba ta dannu sosai ba kunne zai kama nan take. Watannin farko na sha wahala ƙwarai, har sai da na koma atisaye a hankali kamar sabon ɗalibi, na rage yawan abin da nake kaɗawa, na koyi barin sarari tsakanin jimla da jimla. A ganina wannan horon shi ne babban abin da na samu a kuɗin da na biya.

A fannin blues kuwa sai an tantance wane iri ake nufi. Idan salon T-Bone Walker ne na shekarun 1940, mai gajerun jimloli da tafiyar ƙasaita, to jitar tana gida, domin shi ma jita mai kogo ya kaɗa. Amma idan ana son a ja tsirkiya sama ta yi ta kuka na tsawon lokaci, tsirkiyoyi masu kauri suna gajiyar da yatsu, sautin kuma ba ya jira. Ga kuma matsalar da duk jita mai kogo take da ita: da zarar an ƙure ƙarar amfilifaya, iskar lasifika tana shiga cikin, fuskar ta kama rawa, sai kuwwa ta ɓarke. Hakan ya same ni a wani zauren biki inda mai ganga ya saki hannu, dole na juya wa lasifikar baya na kuma danne tsirkiyoyin ƙasa da tafin hannu har aka tashi. Domin magance wannan ne Gibson ya fitar da wani samfurin jita mai suna ES-335 a 1958 da dunƙulen katako a tsakiyar cikinta, kuma shahararren makaɗin blues B.B. King daga baya ya sa aka ƙera masa tasa ba tare da ramukan fuska ba.

Kula da ita a Kaduna yana buƙatar haƙuri. Jikinta fallayen katakon maple ne da aka manne su, wanda ya fi sassaƙaƙƙen katako jure sauyin yanayi, amma duk da haka hunturun farko ya busar da allon wuyanta har bakin ƙarafunan da ke jere a kansa ya fara kartar yatsa. Tun daga lokacin nake ajiye jiƙaƙƙen soso cikin ɗan gwangwani mai huji a akwatinta daga Nuwamba zuwa Maris. Jakinta kuma na katako ne, ba a manne yake ba, tsirkiyoyi ne kawai ke danne shi, shi ya sa nake canza su ɗaya bayan ɗaya don kada ya goce daga mazauninsa saiti ya lalace.

Ba zan ba mai kiɗan manyan filaye shawarar ya neme ta ba, haka ma wanda yake son jita ɗaya ta yi masa kowane salo. Yanzu ina fita da ita ne kawai idan za mu zauna mu uku a ƙaramin ɗaki, ni da mai bes, wato kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya, da mai ganga da ke kaɗawa da buroshi, ƙarar amfilifaya kuma ba ta wuce lamba uku.