Zuma ko ƙwayoyin furofolis? Maman biyu, ga tawa shawarar

Maman biyu, kin tambaya wanne za ki saya wa yaranki tsakanin zuma da waɗannan ƙwayoyin furofolis (ɗanƙon ƙudan zuma) da aka yi miki tallarsu: ki sayi zuma, ki adana sauran kuɗinki.

Ni tawa daga wajen Zuru take zuwa. Kawuna yana da amya a kan bishiyoyin ɗorawa a bayan gonarsa, kuma in ya ɗebo yakan aiko mini har da saƙar, kakin na manne a jikin bokiti. Hunturun bara, da ƙura ta rufe Birnin Kebbi, autana mai shekara 4 ya kama tarin dare har ba ma iya runtsawa. Cokali ɗaya na shayi nake ba shi kafin ya kwanta, wani lokaci a ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami. A dare na biyu na farka cikin tsoro don na ji shiru, na je na taɓa shi, ashe barci yake yi abinsa. Alhamdulillahi. Dama Allah ya ambace ta a Suratun Nahl, aya ta 69, cewa akwai waraka ga mutane a cikinta.

Dalilin aikinta a fili yake. Kaurinta yana lulluɓe maƙogwaro ya rage ƙaiƙayin da ke tayar da tari. Ruwan cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, tana da ɗan tsami, sannan ƙudan zuma na zuba mata wani sinadari da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma sikari ne mafi yawanta, don haka mai ciwon suga ya yi hattara. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuwa kada ki lasa masa ko ɗigo, saboda takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba, har ta shanye masa jiki.

Furofolis ɗanƙo ne da ƙudan zuma ke tarowa daga jikin bishiyoyi su liƙe ɓarakar amya. Yana da sinadaran tsirrai da aka ga suna taɓa garkuwar jiki a ɗakin gwaji, ban musa ba. Na taɓa sayen kwalba ɗaya da tsada a wajen biki, abin da na samu kawai ƙuraje ne a leɓe, don yana tayar wa wasu borin jini.

Ba ki tambaya ba, amma ki kula da masu yawo da jarka a tasha. Da yawa sikari suke dafawa da mazarƙwaila har ya yi duhu, su jefa ɗan guntun saƙa a sama don ido. Gwajin ashana da na tururuwa duk sun san yadda za su tsallake shi. Ki saya a hannun mai amya da kika sani, in kuwa ta kwalba ce ki duba lambar NAFDAC. In ta daskare da sanyi kada ki zubar, zuma ta gaskiya ma tana yin haka.

Ki haɗa wa yaran da miyar zogale da ƙwai, kuma a cika katin rigakafi. In kika ga tarin ya zo da zazzaɓi da numfashi sama-sama, haƙarƙari na shiga ciki, ajiye cokalin ki kai su asibiti a ranar.