Idan ɗaya daga tagwayen PLC ya mutu, me za ka saya?

A masana'antun da ke aiki dare da rana, irin na Tema da Spintex a Ghana, PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injuna, sau da yawa katin CPU (ƙwaƙwalwarta) biyu ne da ita a fanel, akwatin kayan lantarki: ɗaya yana tuƙa injuna, ɗayan yana zaman ko-ta-kwana, yana kwafe duk abin da ɗan'uwansa ke yi. Ranar da ɗaya ya mutu layi ba ya tsayawa, shi ya sa ake yin watanni ana ɗingishi da ƙafa ɗaya ba wanda ya damu. Kafin ka fitar da ko sidi ɗaya, ka san cewa abokin tagwaitaka kake nema, wanda zai daidaita da wanda ya rage. Kati lafiyayye da ya ƙi daidaitawa kuɗi ne aka zubar.

Abu uku za ka kwafo daga jikin mai rai kafin ka kira mai kaya: cikakkiyar lambar oda, lambar zubi (sigar ƙirar katin), da lambar manhajar ciki, wadda ma'aikata ke kira famwaya. A Siemens S7-400H dole ukun su zo ɗaya a duka biyun. Kowane CPU yana ɗaukar ƙananan katunan daidaitawa biyu, huɗu ke nan da wayar faiba biyu, kuma akwai na mita 10 akwai na kilomita 10, ba a gauraya su. A ControlLogix na Rockwell, shasi biyun, wato mazaunan da ake soka katuna a ciki, su zama girma ɗaya, kowane kati a rami ɗaya da takwaransa, famwaya kuma daga kunshin da kamfanin ya fitar don tagwaye. Tsohon katin daidaitawarsa, 1756-RM, ba ya haɗuwa da 1756-RM2. Modicon M580 na Schneider shi ma lamba ɗaya yake so a ɓangarorin biyu.

Sabo daga dilan da kamfani ya amince da shi shi ne mafi kwanciyar hankali. Akwai garanti, akwai wanda za ka koma wa. Tsadarsa da jiransa ne matsala, domin sai an yo odarsa daga waje, ya sauka ta jirgin sama ko tashar Tema, ya bi ta kwastan. Kuma sabo yakan zo da famwaya da ta fi ta tsohon, don haka ka tambaya a rubuce ko za a iya saukar da ita, ko kuwa sai an ɗaga duka biyun. In fanel ɗinka yana kusa da teku, ƙara kuɗi ka ɗauki mai rufin kariya: SIPLUS a Siemens, mai harafin K a ƙarshen lamba a Rockwell. Iskar gishiri da laimar Accra suna cin ƙafafun kati a hankali.

Na gwanjo shi ne inda ake samun sauƙi, kuma inda aka fi ƙonewa. Wani lokaci ma ba makawa, kamar mai Modicon Quantum da kamfanin ya daina sayarwa. Ka nemi hoton takardar jikin katin da za a aiko maka shi kansa, da hoton allon kwamfuta da ke nuna famwayarsa yana kunne, da yarjejeniyar mayarwa in ya ƙi daidaitawa. Duba maƙalai ko sun yi kore, shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna, kalli hatimi ko an taɓa ɓalle shi. Shawararmu ita ce in gwanjo za ka saya, sayi biyu masu zubi ɗaya. Ka kafa su tare, wanda ya rage maka ya koma ajiya. Hakan ya fi yawon neman tagwain tsohon kati sauƙi nesa ba kusa ba.

Gyara yana da amfani a katin wuta, mai ba shasi lantarki: kafasitocin da suka kumbura, fanka, fis. Zafi ne ke tsufar da kafasita, kowane ƙarin digiri 10 yana rage kwanakinta da kusan rabi, kuma ƙurar hunturu da ta toshe matatar fanel ita ke tara zafin. CPU kuwa allonsa hawa-hawa ne. Duk mai gyaran da ba shi da shasin gwaji da zai nuna maka katin ya daidaita da wani, kada ka ba shi, komai ƙwarewarsa a wasu na'urori.

Sauya tsari gaba ɗaya aiki ne na kasafin shekara. Daga S7-400H zuwa S7-1500 sai an koma TIA Portal, manhajar Siemens ta rubuta shirin PLC, a sake duba shirin, a kuma sauya tashoshin da ke kan tsohuwar hanyar sadarwa ta PROFIBUS zuwa sabuwa ta PROFINET ko a nema musu gada. A S7-1500, samfurin 1513R da 1515R ta zoben PROFINET suke daidaitawa, sauyin hannu daga wannan CPU zuwa wancan yana cin kusan milisakan 300. 1517H yana da faibarsa ta kansa, yana yi a kusan milisakan 50. Famfon ruwa ba zai ji bambancin ba, layin cika kwalba mai gudu zai iya ji.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka kammala biya sai an yi gwaji. Fara da kwafe shirin da ke cikin mai rai ka adana a wuri biyu. Tabbatar wanda za ka cire shi ne mataccen, ka kashe wutar shasinsa kaɗai, ka ɗaura abin hannu mai sauke cajin jiki. Kafin ka soka sabon, juya bayansa: S7-400H yana da makunnin lambar shasi, 0 ko 1, M580 yana da na A ko B, kuma in biyun suka zo iri ɗaya ba za su taɓa jituwa ba. Goge bakin faiba da abin gogewarta, kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi. Kunna ka sa ido: a Siemens fitilun REDF, IFM1F da IFM2F su mutu, a 1756-RM2 allo ya tashi daga DISQ ya bi ta QFNG ya tsaya a SYNC. Sannan a lokacin da aka tsayar da layi da gangan, miƙa aiki ga sabon, ka dawo da shi, ka ga ko wani bawul ko mota ya girgiza.

Ka kuma bi wayar wuta da ido. Tagwayen da ke kan UPS (na'urar batiri mai riƙe wuta) ɗaya da bireka ɗaya tare suke faɗuwa in an ɗauke wuta, abin da zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya nuna wa masana'antu da yawa. Raba su. Batirin S7-400 mai volt 3.6 a canja shi wuta na kunne, don kada shirin ya goge. Katin ajiya kuma ya zauna a ledarsa ta kariya tare da ƙullin tsotse laima, a ɗaki mai sanyi, a riƙa kunna na wutar sau ɗaya a shekara saboda kafasitocinsa.