Once Upon a Time in Mumbai Dobaara: ba Shoaib ɗin da muka sani ba ne

Jiya da daddare na sake kallon fim ɗin nan na Indiya, ci gaban Once Upon a Time in Mumbaai, na ce bari in ƙara ba shi dama ko a karon farko son fim ɗin farkon ne ya rufe min ido, amma wallahi har aka rubuto sunaye a ƙarshe raina bai canja ba.

Duk wanda ya kalli na farkon na 2010 ya san me nake nufi. Ajay Devgn ya fito a Sultan Mirza, ɗan fasa-ƙwauri mai fararen kaya wanda ya raba wa ƴan daba unguwannin Bombay (Mumbai ta yanzu) kowa da yankinsa don a daina zubar da jini, kuma ya ƙi yarda a shigo da ƙwaya ko nawa za a samu, sai ga Emraan Hashmi a Shoaib, ɗan ɗan sanda ne ma amma idonsa a tsaitsaye, ba ya jin kunyar kowa. Kana kallo ka san yaron nan wata rana sai ya ci amanar ubangidansa, kuma haka aka yi, Sultan na tafiya Delhi neman shiga siyasa ya bar masa riƙo, shi kuma ya shiga duk abin da aka hana. Wurin da Sultan ya dawo ya sharara masa mari har yau ina jin sa a jikina. Mutane da yawa sun ce labarin Haji Mastan da Dawood Ibrahim, manyan ƴan daban Bombay na gaske, aka ɗan taɓo, shi ya sa ma ya kama zuciya.

To a na biyun, darakta ɗaya ne, Milan Luthria, kamfani ɗaya na Ekta Kapoor, amma sai aka cire Emraan aka saka Akshay Kumar wai Shoaib ya girma. Ni masoyin Akshay ne tun zamanin finafinansa na faɗa, amma nan gaskiya rigar ba tasa ba ce. Baƙin gilashi ko a cikin ɗaki, taba a baki, tafiyar ƙasaita, kuma duk maganar da zai yi sai ta zama kirari. A na farkon ma akwai irin zantukan nan masu nauyi amma jefi-jefi suke zuwa shi ya sa suke shiga, nan kuwa ko gaisawa za a yi sai an yi azanci, tun kana jin daɗi har ka gaji.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne labarin kansa. Mutumin da ya harbe ubangidansa a gaban taro, ya dawo Bombay don ya gama da abokin gabarsa Rawal, sai kawai aka mayar da fim ɗin rigimar soyayya, shi da yaronsa Aslam, wato Imran Khan, suna son yarinya ɗaya, Jasmine, Sonakshi Sinha kenan. Imran kuma fuskar ɗan gata gare shi, ko an ce maka a lungu ya tashi ba za ka yarda ba, ba ka jin tsoron komai in sun haɗu da Akshay. Wadda ta burge ni ita ce Sonali Bendre a Mumtaz, masoyiyar Shoaib tun a na farkon, fitowarta kaɗan ce amma kallon da take wa Shoaib kaɗai ya fi surutun rabin fim ɗin. Hoton ma ya yi kyau musamman wuraren da aka ɗauka a Oman.

A kasuwa ma bai ji da daɗi ba. Da sallar azumi ta 2013 aka so sakin sa, sai aka ɗaga da mako guda zuwa 15 ga Agusta don kar ya yi karo da Chennai Express na Shah Rukh Khan, amma hakan bai cece shi ba, wancan ya riga ya kwashe ƴan kallo, masu sharhi kuma yawancinsu suka yi masa ca.

In ba ka taɓa kallon ko ɗaya ba, nemi na 2010 ka zauna ka kalle shi a natse. Wannan kuwa sai dai in Akshay kake son gani yana taku cikin kwat, ni dai biyu na ba shi cikin biyar, ɗaya daga ciki ma na Sonali ne.