Jarrabawar PLAB ga likitocin Indiya: tana ba da lasisi, ba ta ba da gurbin horo

Likitan da ya kammala digirin likitanci na farko (MBBS) a Indiya, ya kuma ga irin cunkoson da ake yi a kan gurabun NEET-PG, jarrabawar shiga horon ƙwarewa a Indiya, yakan fara waiwayen ƙasashen waje, kuma sau da yawa PLAB, jarrabawa mai kashi biyu da likitocin ƙasashen waje ke yi don samun lasisin aiki a Birtaniya, ce ke fara zuwa masa a rai. Hukumar GMC, mai yi wa likitoci rajista a Birtaniya, ita ce ke shirya ta, kuma idan aka auna ta a matsayin hidimar da ake biya a samu, to akwai abin yabo da yawa a cikinta.

Kashi na farko tambayoyi 180 ne da ake amsawa cikin awa 3, kuma ana zana shi a cikin Indiya, a birane irin su Delhi, Mumbai da Chennai, don haka ba a bukatar biza a wannan matakin. Tambayoyin sun fi karkata ga abin da likita zai yi idan marar lafiya yana gabansa, saɓanin haddar ƙananan bayanai da ɗaliban Indiya suka saba da ita. Kafin a zauna sai an nuna shaidar Turanci, wato maki 7.5 a jarrabawar IELTS ko daraja ta B a jarrabawar OET.

A kashi na biyu ne nake ganin ingancin jarrabawar ya fi fitowa. Ana yin sa a Manchesta, inda likita zai ratsa tashoshi 16, kowace ta minti 8, yana hira da ƴan wasan da aka horar su fito a matsayin marasa lafiya. Ana duba yadda yake sauraro, da yadda yake sanar da mummunan labari, da yadda yake neman amincewar marar lafiya kafin ya taɓa shi, waɗanda abubuwa ne da likitan da ya saba da asibitin gwamnati mai layin ɗaruruwan mutane bai cika samun sararin gogewa a kansu ba. Sai dai kuɗin wannan kashi kimanin fam 1,000 ne, ga tikitin jirgi, ga masauki, ga biza, kuma idan aka mayar da jimillar zuwa kuɗin Indiya za a ga nauyi ne babba ga iyali masu matsakaicin ƙarfi.

Babban aibin hanyar, wanda masu tallan darussan share fage ba su cika faɗa ba, shi ne cewa PLAB ba takwarar NEET-PG ba ce. Wanda ya ci ta ya samu damar yin rajista ne kawai. Bayan haka sai ya nemi aiki a NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin Birtaniya, da kansa, ya tara shaidar ƙwarewa ta matakin farko, sannan ya shiga gasar gurabun horo, inda fannoni da dama ke bukatar wata jarrabawar mai suna MSRA. Gasar ta tsananta a shekarun nan, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana a shirinta na lafiya na shekara 10 cewa za ta fifita waɗanda suka yi karatu a cikin ƙasar, abin da ya rage wa wannan hanya armashi ƙwarai.

USMLE, jarrabawar lasisin likitoci ta Amurka, ta fi tsada da wahala, kuma tun Janairun 2022 matakinta na farko ya koma ci ko faɗuwa kawai, amma tana kai mutum ga tsarin rabon gurabun horo kai tsaye. Jamus kuwa sai an iya Jamusanci.

A ganina PLAB ta dace da sabon likita mai haƙuri da ajiyar kuɗin da za ta riƙe shi watanni ba tare da albashi ba. Wanda ya riga ya yi digirin ƙwarewa na MD a Indiya gara ya duba MRCP, jarrabawar ƙwarewa ta Birtaniya a fannin cututtukan cikin jiki, domin GMC na karɓarta wajen rajista, ana iya zana sassanta a Indiya, kuma tana shigar da shi a matakin da ya fi kusa da gogewarsa.